Ana Iya Ajiye Mesa a Gida?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin gardawa a ranar kasuwa, jama'a sun yi musu da'ira, ana kiɗa, wani ya rataya mesa a wuya. Yanzu kuma ga bidiyoyin TikTok da Facebook da ke nuna mutane kwance da mesa a kan kujera kamar mage. Shi ya sa wasu ɗalibai ke tambaya ko ana iya kiwonta a gida kamar tattabaru ko zomo. Tambayar ta shafe mu, domin mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun muna maƙwabtaka da irin wuraren da mesa ke so: gaɓar kogin Sakkwato, da madatsar ruwa ta Bakalori da aka kammala a 1978, da magudanan ruwan da ke ratsa gonakin shinkafa. Duk inda ruwa da duhuwa da ɓeraye suka haɗu, to wurin zamanta ne.

Wace ce mesa?

Mesa ita ce mafi girma a cikin macizan Afirka. Tana ƙyanƙyashewa da tsawon kusan rabin mita, amma babba takan kai mita 3 zuwa 5, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara 20. Ba ta da dafi. Haƙoranta sun lanƙwasa baya kamar ƙugiya. Da su take cafke dabba, sannan ta nannaɗe ta, ta matse har jini ya daina gudana zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, ta haɗiye ta ɗungurungum. Tana farawa da ɓera da gafiya, in ta girma ta koma kaji da 'yan awaki.

Da harshenta take jin ƙamshi, kuma akwai wasu 'yan ramuka a leɓenta da ke jin ɗumin jiki ko da a cikin duhu. Tana iya sabawa da a ɗauke ta, amma ba ta shaƙuwa da mai ita yadda kare ke yi. Hannun da ya taɓa kaza, in yana da ɗumi kuma yana motsi, a wurinta kaza ne. Don haka duk tsaron da ake yi ya dogara ne ga ɗakin da aka sa ta da kuma mutanen da ke kula da ita. Halinta ba abin dogaro ba ne.

Sharuɗɗan ajiyarta

Na farko, ɗaki. Babbar mesa na buƙatar wurin da za ta miƙe jikinta, wato kusan ɗaki guda, mai bangon siminti da ƙofa mai kwaɗo. Kwando ko akwatin katako mai murfin da aka danne da dutse ba ya riƙe ta, domin jikinta kusan duk tsoka ne, kuma takan kwana tana tura kowace kusurwa da hanci. Kowace kafar iska sai an toshe ta da raga mai ƙarfi. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata mesar Afirka mai tsawon kimanin mita 4 ta fita daga ɗakinta ta bututun iska, ta faɗo ta rufi cikin falon da wasu yara biyu 'yan'uwa, masu shekara 4 da 6, ke barci. Duka biyun suka rasu. An gina wa mesar nan ɗaki na musamman, amma kafa ɗaya ta ishe ta.

Na biyu, zafi da sanyi. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, sai abin da ya samu daga waje. Dole ɗakin ya kasance da gefe mai ɗumi, da gefe mai sanyi, da kwamin ruwa da za ta iya shiga. A zafin bazara irin namu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, akwatin kwano na iya kashe ta. A daren hunturu kuma sanyi na hana ta narkar da abinci, ta kamu da ciwo.

Na uku, ciyarwa. A nan aka fi samun haɗari. Masu ajiyarta ba sa miƙa mata abinci da hannu, da dogon ƙarfe mai baki suke yi, kuma suna wanke hannu da sabulu kafin su kusance ta. Bayan ta ci, ana barin ta kwanaki ba a taɓa ta ba.

Na huɗu, ba a shiga wurinta mutum ɗaya. Ƙa'idar masu kula da macizai ita ce, in ta wuce kamar mita 2 da rabi, sai da mutum biyu ko fiye, manya. Ba a kuma ɗora ta a wuya. In ta cafke mutum, ba a fizge hannu, domin haƙoran za su yaga nama. Abokin aiki ne zai warware ta, ya faro daga wutsiya. Ku lura, su ma gardawa a ƙungiya suke tafiya, kuma yawanci sana'ar gado ce da suka koya tun suna yara. Abin da muke gani na minti goma a kasuwa, bayansa akwai shekaru na koyo.

Na biyar, tsabta. Kashin macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai jawo gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa.

To, gidajenmu fa?

Mu dubi gidan da muka sani: ƙanne na rarrafe a tsakar gida, kaji da awaki na yawo, ana shimfiɗa tabarma a waje lokacin zafi, zaure a buɗe, yaran maƙwabta na shiga da fita. Ga kuɗin kaji na shekara 20. A irin wannan gida babu inda sharuɗɗan nan biyar za su cika. Ko a Amurka, gwamnati ta hana shigo da mesar Afirka da ta Bama a 2012, bayan irin ta Bama, wadda aka shigo da ita don kiwo, ta bazu a fadamun jihar Florida tana cinye namun daji. Cinikin mesa tsakanin ƙasashe kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, wadda Najeriya ke ciki. Wanda ke son ganin namun daji kusa da kusa, akwai gidan zu na Audu Bako a Kano.

In mun haɗu da ita

A gona mesa na da amfani, domin tana rage ɓeraye da gafiyoyin da ke ɓarnar shinkafa. In mun gan ta a bakin ruwa, mu ja baya, mu ba ta hanya. In ta shigo gida ko makaranta, a fitar da yara da dabbobi, a sanar da manya ko malamai, a nemi ma'aikatan gandun daji. Kada wanda ya ɗauki "ɗan mesa" don ya yi kiwo. Zanen jikinsa na kama da na kasa, ita kuwa kasa dafinta na kisa. Duk wanda maciji ya sara, ko da ana zaton mesa ce, a garzaya da shi asibiti, ba tare da an tsaga wurin ko an ɗaure shi tamau ba.

Mai tambaya a kan wannan batu ya rubuto ya jefa a akwatin ƙungiya. Za mu kai wa malaman kimiyya, mu liƙa amsa a fitowa ta gaba.