Shaidar da ke cikin randa

A Hajj Yusuf, wata unguwa a jihar Khartum gabas da kogin Nilu, gidaje da yawa sun dogara da gangar ruwa da jaki ke jawowa a karo. Ruwan yakan zo garau, kuma nan yaudarar take, domin ido ba ya auna ruwa. Abin da ido ba ya gani yana ko'ina: cokali ɗaya na ƙasar lambu yana ɗauke da ƙananan halittu miliyoyi, akasarinsu masu amfani: wasu suna ruɓar da shara, wasu suna zaune a saiwar wake da gyaɗa suna samar da taki daga iska. Irin waɗanda aka tarar a wuri, da yawansu, su ne ke ba da labarin abin da ya shiga wurin. Ƙwayar E. coli a hanjin mutum da dabba take zama. In an gan ta a rijiya, to najasa ta haɗu da ruwan sha. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100.

A watan Mayun 2025, bayan hare-hare sun lalata tashoshin lantarki, matatun ruwa suka tsaya, jama'ar birnin Omdurman suka koma ɗiba daga kogi. Cikin mako guda ma'aikatar lafiya ta ƙirga masu kwalara kusan 2,700 da mamata 172, mafi yawansu a jihar Khartum. Asibiti ne ya fara sanarwa, alhali ruwan ya riga shi sani.

Wani zai ce ƙasar da ke yaƙi tun Afrilun 2023 ina ta ga ɗakin gwaji? Maganar tana da nauyi, sai dai akwai gwaji mai arha: 'yar kwalba da takarda mai sinadari, wadda ruwa mai najasa ke baƙantawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ta faɗin sunan cutar, takan kuma yi kuskure, amma tana nuna rijiyar da za a fara bincika. Wani kuma zai ce a zuba klorin a huta. Klorin na gushewa a ganga da randa, kuma moɗa mai datti tana mayar da abin da aka kashe. Auna ruwa don gano cuta da wuri ba sabon abu ba ne: Kano ta fara auna ruwan lambatu don farautar ƙwayar shan inna tun 2011, ana gano ta kafin yaro ya shanye. Kwamitocin unguwa a Hajj Yusuf su nemi a riƙa auna rijiya, da gangar karo, da randar gida, kafin damina ta sauka.