Wane Gungu Za Ka Ziyarta A Ƙasar Yawuri?

Duk matafiyin da ya biyo hanyar Sakkwato ta Jega da Koko ya sauka Yelwa, da wuya ya tsaya bakin Kwara bai ji sha'awar haye ruwa ya ga tsibiran nan da yake hange ba. Mutanen Yawuri gungu suke ce wa tsibiri, daga nan ne kuma aka sami sunan Gungawa, watau mutanen da suka zauna tsibiran tun kaka da kakanni, su kuwa Reshe suke kiran kansu. Tambayar da baƙo kan yi ita ce, wane gungu ya fi kyau? Amma tambayar da ta fi wannan amfani ita ce, wane gungu ne ruwa zai bar ka ka je ka komo lafiya a lokacin da ka zo?

A tsibiran ƙasar Girka, inda Turawa kan tafi hutu, akwai manyan jirage masu ƙayyadadden lokacin tashi da masaukan haya, mutum ya duba takarda ya zaɓa. A nan kuwa ruwa da rana da mai masauki su ne ke yi wa mutum zaɓi.

Yadda Ruwa Ya Sake Ƙasar

Kafin a yi zaɓi ya kamata a san cewa Kwaran yau ta bambanta da wadda Mungo Park ya bi har ya halaka a Busa cikin 1806. A da tsibiran nan mafaka ne. Da rikici ya yi tsanani a ƙarni na 19, sarakunan Yawuri sun bar Birnin Yawuri suka fake a tsibirin Ikum, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da mazaunin sarauta Yelwa. To, da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80, ya cinye tsohuwar Busa da yawancin babban tsibirin Foge da gungaye da dama. Fiye da mutum 40,000 aka tasa aka sake musu matsuguni. Ƙauyuka da yawa sun hau tudu da sunayensu na da, saboda haka jin sunan wuri kaɗai ba ya nuna har yanzu tsibiri ne. Sai a tambayi masu jirgi.

Sa'an nan kuma Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar ƙasashen nan kusa, wanda kan zo wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Daga nan tafkin ya dinga janyewa har tsakiyar damina, bambancin cikarsa da janyewarsa kuwa ya kan kai kamar ƙafa 30. Ashe ke nan wurin da wani ya gaya maka ya taka da ƙafa a Yuni, kai in ka zo a Janairu sai ka tarar ruwa ne.

Mai Yini Ɗaya

Wanda ba shi da lokaci sai yini guda, abin da ya fi masa shi ne ya tsaya ga gungayen da ke kusa da Yelwa, ko na arewa da ita wajen Shanga. A nan ruwa bai yi faɗi ainun ba, gaɓa ba ta ɓace wa ido, in hadari ya taso ana iya gudu a fake. Ba kuwa za a ce ya yi asarar kallo ba. A lokacin rani zai ga fadamun albasa waɗanda suka sa sunan Yawuri ya kai kasuwannin kudu, ya ga masunta suna jawo giwan ruwa da karfasa da kurungu, mata suna banda. In ya dace da bikin Rigata, zai ga tseren jirage na Gungawa. Sharaɗi ɗaya ne: ya tashi da hantsi, ya tabbata la'asar ta yi masa a kan hanyar komowa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya ta hana tafiyar dare, kuma hanin yana da dalili, gama itatuwan da ruwa ya cinye tun 1968 kututturansu na nan a ƙasa, ga kuma dorina.

Mai Niyyar Kwana

Wanda ya ƙudura ganin Foge, wadda wasu ke ce wa Hoge, sai ya nufi Wara ta ƙasar Ngaski. A nan ne tafkin ya buɗe sosai, faɗinsa ya kai kamar mil 15, in iska ta kaɗa igiyar ruwa ba ta wasa. Abin da ya rage na tsibirin ya zama matattarar tsuntsayen ruwa, har da waɗanda kan zo daga Turai lokacin sanyi, shi ya sa a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci da ake kira Ramsar. Tsuntsaye kuwa da sassafe da maraice aka fi ganinsu, saboda haka mai son wannan kallo sai ya yi shirin kwana, ko a Wara ko a zangon masunta.

Amma fa kada mutum ya tashi kwanan gungu ba tare da mai masauki ba. Ya fara gaisuwa wurin dagaci ko sarkin jirgi, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, su za su haɗa shi da wanda zai sauke shi. Su ne kuma za su gaya masa gaskiyar halin tsaro, gama tun da 'yan bindiga suka sace 'yan makaranta a Birnin Yawuri cikin Yuni 2021 ba mai hankalin da zai shiga wannan yanki bai tambaya ba. Ya riƙe gidan sauro da ruwan sha da tocila da ɗan goron gaisuwa, ya kuma guji wanka a ruwa mai kwanciya saboda tsargiya.

Zaɓen Jirgi

Ko yini ko kwana, zaɓen jirgi ya fi zaɓen gungu nauyi. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ɗauke da fiye da mutum 150 ya tsage a tsakiyar ruwa, waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne. Mutanen Ngaski ba su manta da wannan rana ba. Ranar kasuwa jirage sun fi samuwa, kuɗin ma ya fi sauƙi, amma ran nan ne aka fi lafta musu buhuna da babura da mutane. In ka ga ruwa ya kusa bakin jirgi tun ba a tashi ba, sauka, ko da ka riga ka biya. Ka nemi rigar ruwa ka sa, ko ka iya iyo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da tafki ke cike, hadari kuma ya wuce, sai dai a kiyayi ranar da hazo ya rufe. Farkon damina kuwa, lokacin guguwa, ko gungun kusa sai da shawarar matuƙi. In ya dubi gabas ya ce yau ba a hayewa, a bi maganarsa a kwana Yelwa, gungun yana nan gobe. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi lafiya, amin.