Amsa Kiran Salla a Unguwannin Kudancin Kogin Kaduna: Wasu Mas'aloli na Fiƙihu

Asalin wannan babi shi ne hadisin Abu Sa'id al-Khudri, Allah ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya ji ladani da ya faɗi irin abin da yake faɗa. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, wasu Hanafiyya da Zahiriyya kuwa sun wajabta. Sai dai aiwatar da hukuncin yana buƙatar duba halin wuri, kuma kudancin Kogin Kaduna yana da nasa halin. Tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, Musulmi da yawa sun ƙaura zuwa arewacin kogin. A Kakuri, Makera, Barnawa da Nasarawa masallatai na kusa da juna har yanzu, amma a Sabon Tasha ko Narayi mutum na iya yini bai ji ladani ba.

Mas'ala ta farko ita ce iyakar amsawa. Mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar Khalil, shi ne mai sauraro ya tsaya a ƙarshen kalmomin shahada biyu. Wasu Malikiyya sun zaɓi a cika kiran, bisa hadisin Umar ɗan Khaɗɗabi da ke cikin Muslim, inda ake amsa kira zuwa ga salla da kira zuwa ga babban rabo da "la haula". Wannan ra'ayi ne ya fi ƙarfi ta fuskar dalili, ko da yake ba a zargin wanda ya tsaya a kan mashhuri. Bayan haka sai salati ga Annabi da roƙa masa wasila.

Akwai kuma batun tarji'i. Ladanin da ke bin sigar Malikiyya yana faɗin shahada a hankali, sannan ya maimaita da ɗaga murya, bisa kiran Abu Mahzura. Wani ladanin a unguwa ɗaya yana yin kabbara huɗu ba tare da tarji'i ba. Duka biyun sun tabbata. Wanda ya ji shahadar farko ya amsa ta, ta wadatar. Idan lasifika ba ta kawo masa ita ba, sai ya amsa ta biyun.

To, idan masallatai uku suka kira a jere fa? Malikiyya da dama sun ce a amsa na farko. Izzuddin ɗan Abdussalam ya ga a amsa kowanne, domin sababin ya maimaitu. Imam Nawawi kuwa ya ce falalar ta haɗa duka, amma na farko ya fi ƙarfi, kuma wannan ya fi dacewa da ɗan kasuwar Kakuri da ba zai iya katse ciniki sau uku ba. Ba a sharɗanta ɗaga murya ba. Wanda yake magana da abokin ciniki ko maƙwabci Kirista yana iya neman uzuri ya amsa a hankali, ba tare da ya mayar da ibadar abin nuna bambanci ba.

Mai nisa da masallaci kuwa, wanda ya dogara da kiran da wayarsa ke bugawa, malaman zamani irin su Shaikh Ibn Usaimin sun ce ba a amsa kiran da aka naɗa, domin babu ladani a lokacin. Wayar tana sanar da shi shigar lokaci ne kawai. Abin da ya kamace shi shi ne ya kira sallar da kansa a gidansa, iyalinsa su amsa masa, su yi jam'i tare.