TSOHUWAR FIJO 504: YADDA MAI ITA ZAI RIƘE TA A GIDA

A garuruwanmu da yawa, in mutum ya leƙa bayan gidajen tsofaffin ma'aikata, ba wuya ya tarar da mota Peugeot 504, wadda mutanenmu su ke kira Fijo, an ɗora ta bisa duwatsu, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ita akurki. In ka tambayi mai gida abin da ya same ta, sai ya ce tsufa ne. Mu kuwa a ganinmu tsufa bai cika kashe irin wannan mota ba. Abin da ya fi kashe ta abu uku ne: zafi, da ƙura, da gyaran ganganci. Dukansu kuwa mai mota yana iya tsare su a ƙofar gidansa, muddin ya iya karatu, ya kuma yarda hannunsa ya taɓa baƙin mai. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayani, musamman waɗanda su ka gāji irin motar nan, ko su ka saya da araha su na neman ta kai su wurin aiki lafiya.

Asalinta

An fara fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara ta ƙasashen Turai. A 1975 ta ci gasar tseren Safari a Kenya, watau tseren da a ke yi cikin taɓo da duwatsu da ƙura, wani Baswidane mai suna Ove Andersson yana tuƙi. A cikin shekarar nan ta 1975 ne kuma aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. An daina yin ƙirar salun ɗinta a Faransa a 1983, amma a Kaduna aka ci gaba har 2006. Shekaru da yawa ita ce motar ofisoshin gwamnati, ita ce ta asibiti, doguwarta kuma ita ce motar haya tsakanin manyan garuruwa. Amfanin wannan tarihi ga mai ita a yau shi ne, akwai kanikawa da su ka tsufa a kanta, akwai kuma kayan gyaranta, sababbi da na hannu, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Wani abin kuma, an ƙera ta a zamanin da ba a sa wa mota kwamfuta ba. Injinta mai silinda huɗu ne, yawanci mai girman sisi 1,971, yana aiki da kafireto da kwantak da fulogi. Duk abin da ke cikinsa ido yana gani, sifana tana kaiwa. Motar zamani in ta yi gardama sai an kawo na'ura ta faɗi ciwonta. Wannan kuwa kunne da ido da ma'auni sun isa.

Littafi kafin sifana

Kayan aiki na farko da mu ke ba da shawara a tanada shi ne ƙaramin littafin rubutu, irin na ’yan makaranta. A ja masa layi huɗu: kwanan wata, adadin kilomita, aikin da aka yi, da kuɗin da aka kashe. Akawun da ya saba riƙe littafin kuɗi ba ya bukatar a koya masa wannan. Wanda ba ya rubutawa, in an tambaye shi yaushe ya juye baƙin mai, sai ya ce kwanan nan, alhali kuwa tun kafin azumin bara ne. Littafin kuma shi zai nuna maka in mota ta fara shan mai fiye da yadda ta saba, wannan kuwa alama ce ta farko cewa wani abu ya fara lalacewa.

Bayan littafi sai sifanoni na awon milimita, gama motar Faransa ce, da sifanar fulogi, da sukudireba, da filaya, da siraran ƙarafan nan na auna tazara, da ma'aunin iskar taya, da jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. In an sami littafin gyara na motar, to, a riƙe shi da kyau, gama a nan ne awon kowane abu ya ke a rubuce.

Zafi

Gangar jikin injin 504 baƙin ƙarfe ne, amma murfinsa na sama, wanda kanikawa su ke kira top, na alminiyum ne. Alminiyum ba ya jure zafin da ya wuce kima. In ruwan lagireto ya tafasa sau ɗaya ko biyu, sai murfin ya karkace, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Mai mota zai gane haka in ya zaro sandar awon mai ya ga ya koma fari-fari kamar kunu. Daga nan kuɗi mai yawa ya tashi.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kowace safiya, inji yana sanyi, a duba ruwan lagireto. Kada a buɗe murfinsa inji yana da zafi, gama ruwan yana tsartuwa ya ƙona fuska. A bar zuba ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri, domin yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, yana kuma cin alminiyum. A sa ruwa mai tsabta haɗe da maganin lagireto da a ke sayarwa. A matsa robobin ruwa da hannu, wanda ya yi tauri ko ya kumbura a sake shi. A danna fanbel da babban yatsa: in ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ya yi sako-sako, in ya tsattsage a sake shi, a kuma ajiye wani a but. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata al'ada da ta bazu a garejinmu, ta cire ɗan ƙarfen nan da a ke kira tamostat a jefar, wai don ƙasarmu akwai zafi. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa cikin inji har ya kai zafin da aka tsara masa, sa'an nan ya buɗe ruwa ya zagaya lagireto. In an cire shi, inji ya kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, sai ya sha fetur da yawa, fetur ya wanke man da ke jikin silinda, fistin da zobbansa su cinye da wuri. In mota tana zafi, dalilin yana wani wuri: ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta kamawa, ko kuwa tamostat ɗin ne ya maƙale, sai a sa sabo.

Ƙura

Ƙurar hunturu in ta shiga inji ta haɗu da mai, aikin dutsen wāshi ta ke yi. Abin da ke tsare ta shi ne matatar iska da ke bisa kafireto. A buɗe ta kowane mako biyu a lokacin hazo, a kaɗe, in ta toshe a sake. Kada a yarda da mai cewa a cire ta don mota ta ƙara gudu. Baƙin mai kuwa, injin yana ɗaukar wajen lita 4. A kan hanyoyinmu mu na ba da shawara a juye shi kowace kilomita 5,000, ko kowane wata shida in motar ba ta yawan fita, a kuma sake matatar mai tare da shi. A guji man da a ke aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado. Tsohon man da aka juye a tara shi a galan, kada a zubar kusa da rijiya ko a kwata.

Wuta da awo

In mota ta ƙi tashi da safe, kada a fara da kwance kafireto. A fara duba kan batir, ko ya yi farin gari ko ya saki. A wanke, a ɗaure, a shafa ɗan giris. In za a cire batir, a fara kwance wayar da ke da alamar ragi, in za a mayar kuma ita ce ta ƙarshe. Sa'an nan a duba fulogi: mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ya ke, mai baƙin toka yana nuna fetur ya yi yawa, mai jiƙe da mai yana nuna zobban fistin sun fara gajiya. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce, ta kwantak 0.4. Wayoyin fulogi su na bin tsari na 1, 3, 4, 2, saboda haka a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, kada su rikice.

Wanda hannunsa ya faɗa yana iya daidaita bawul da kansa, inji yana sanyi sarai: milimita 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi, amma a gwada da abin da littafin motar ya ce. Wannan aiki na awo ne, ba a yinsa da ƙiyasi. Bawul ɗin da aka matse da yawa ba ya rufuwa sosai, sai ya ƙone.

Ga gargaɗi kuma ga mai ƙarfin halin da zai ɗaga murfin inji a gida. Silindojin 504 hannayen riga ne na ƙarfe da aka zura cikin gangar inji, ruwa yana kewaye da su, murfin ne ya ke danne su. In an ɗaga murfi aka juya inji ba a danne su da wani abu ba, sai su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya riƙa zuba cikin mai bayan an gama ɗaurewa. Ƙusoshin murfin kuma da sifana mai ma'auni a ke ɗaure su, bisa tsari. Wanda ba shi da ita ya kai wa masu ita.

Inda hannun gida ya ke tsayawa

Lalacewar inji asarar kuɗi ce, amma lalacewar birki ko sitiyari ko taya asarar rai ce. Mai mota ya duba man birki kowane mako. In ya ga yana raguwa, akwai inda ya ke yoyo, kada motar ta fita sai an gano. Man birki yana shan laimar iska, saboda haka a kan sake shi duka kowace shekara biyu. Ƙurar tsohon birki kada a hure ta da baki, gama na dā ana yinsa da wani ma'adini mai lahani ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa ko da zanenta bai goge ba. Sake bututun birki, da gyaran sitiyari, da walda a ƙashin mota, waɗannan na ƙwararren bakanike ne, mai mota ya tsaya a kansa ya gani, ya rubuta a littafinsa.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai yana riƙe da ita, ko bulo na siminti, gama bulo yana rugujewa ba sallama. Kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen gareji, hayaƙinsa yana kisa, gubar da ke ciki kuwa ba ta da wari. Robar fetur da ta tsattsage a sake ta nan da nan, a kuma ajiye tukunyar kashe gobara cikin mota.

Canje-canje

Ba kowane canji ne ɓarna ba. Sa na'urar wuta ta zamani a madadin kwantak yana sauƙaƙe tashi da safe, yana kuma rage yawan daidaitawa. Sa bel na kujera inda babu, ko sake wanda ya ruɓe, wajibi ne. Sake tsofaffin wayoyin lantarki da su ka bushe abu ne mai kyau. Ma'aunin da mu ke bi shi ne: canjin da ya taimaki mota ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa, a yi shi, wanda ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, a bar shi. Ƙara ƙarfin sifirin don a yi lodin buhu goma bai ƙara wa birki ƙarfi ba. Naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis gayyatar gobara ce, gama fis an yi shi ne ya ƙone don mota ta tsira.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa su na mai da motocinsu masu aiki da iskar gas. Tsohon inji mai kafireto yana karɓar wannan canji, amma lalle ba aikin gida ba ne. Gas ɗin mota a matse ya ke ƙwarai, kusan ninki 200 na nauyin iskar da mu ke shaƙa, sai tukunyar da aka ƙera musamman dominsa ke iya riƙe shi. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa, bam ce a bayan iyalinka. A kai wurin da hukuma ta amince da shi.

Daga ƙarshe mu na roƙon malamai, ranar da za a yi wa mota aiki a kira yara, maza da mata, su miƙo sifana, su karanta ma'auni, su rubuta a littafi. Darasin kimiyya da lissafi da su ke haddacewa a aji, ga shi nan a fili ƙarƙashin bonet. Yaron da ya ga yadda tazarar da ba ta kai kaurin farce ba ta ke hana inji tashi, ba zai ƙara raina awo ba, ba zai kuma raina mai sana'ar hannu ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kiyaye hanya.