Kowa Ya Ce "Ya Yi", Kowa Na Ƙorafi

Ranar da aka sanar da kuɗin ankon bikin kammala karatunmu a gurup ɗin aji, naira 15,000 kowane mutum, ba wanda ya ce uffan. "Ya yi" kawai ake ta turowa. Ni ma na tura. Da daddare kuwa duk ɗakin da ka leƙa a hostel ƙorafi ake yi, wasu ma da kofin garin kwaki a hannu. Ni kuɗin buga furojet ɗina na taɓa na biya, kuma tun kafin in biya na san wauta ce.

To me ya sa muke haka? Ba rashin lissafi ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka koma. Abin da muke tsoro shi ne raini. A cikinmu wanda ya fara cewa "ba ni da shi" shi kaɗai zai sha kunyar, sauran kuma su samu sauƙin a ɓagas. Shi ya sa kowa ke jiran wani ya fara, har lokacin biya ya zo.

Sannan shiga mai kyau jari ce, gaskiya. Wanda ake ganin yana da shi, shi ake ba bashi a shago, shi ake saurara a taro. Kuma ba kanka kaɗai kake karewa ba. In an gan ka a yamutse, gidanku za a ambata. Tun muna yara ake koya mana rufin asiri: ko an kwana ba a ɗora tukunya ba, maƙwabta kada su ji. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ban musa ba. Amma rufin asiri ɓoye rashi ne, mu kuwa mun zarce zuwa nuna abin da ba mu da shi, kamar aron iPhone don ɗaukar hoto.

Bayan kwana uku wata 'yar ajinmu ta rubuta cewa ita kam ba za ta iya ba. Gurup ya yi tsit na ɗan lokaci, sai ga mutane ɗaya bayan ɗaya suna cewa su ma haka. Aka rage kuɗin zuwa rabi. Mu da muka riga muka biya har yau muna bin ciko.