Ba laifin sola ba ne: abin da ke kashe aisin daidaita wuta

Tun duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a Oktoban 2024, jama'a suka yi ca a kan sola, matasan masu haɗa fitila, fanka da akwatin cajin waya kuma suka samu kasuwa. Sai ga ƙorafi ya biyo baya: wai sola na ƙona kaya, wai haɗin gida ba ya ƙarko. Sau da yawa abin da ya mutu ɗan aisi ne mai ƙafa uku da ke kan fanel, kuma kashe shi aka yi.

Aikinsa sananne ne, ya karɓi wuta mai yawa ya fitar da daidaitacciya. Aisin 7805, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1970, bolt 5 yake bayarwa muddin ya samu kamar 7. To, ina rarar take zuwa? Zafi take zama. Batirin da ake kira mai bolt 12 yana kai 14.4 in yana caji. A ja rabin amfiya, aisin na ƙona wat 4.7 a jikinsa, alhali ko wat 2 da ƙyar yake ɗauka in ba a ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba. Alƙaluman takardar kamfani ma a digiri 25 ake auna yawancinsu. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, a akwatin roba marar ƙofar iska, wa ya ga 25? Aisin ya yi zafi ya ɗauke, ya huce ya dawo, mai kaya ya ce aljanu ne. Wanda kuwa ya jona aisin AMS1117 kai tsaye da farantin sola, wanda kan haura bolt 20 in ba a jona masa komai ba, ya wuce iyakar 15 da aka yanka masa tun kafin a kunna.

Mai gyara ya ga ya ƙone, ya zare ya dasa sabo, kwana biyu a dawo masa da shi. Da ya sa mita ya auna wutar shiga, ya duba ko wani abu a gaba ya haɗe da ƙasa, ya ga ko kafasiton na kusa da ƙafafun aisin, da ya huta.

Amma babban ciwon shi ne jabu, kuma shi ne ba a son faɗa. Ƙarancin aisi da duniya ta shiga daga 2020 ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa: a kankare lambar tsohon aisi ko mai arha, a buga sabuwa. LM2596 na gaske, na Texas Instruments, yana juyi sau 150,000 a daƙiƙa. Da yawa daga waɗanda ke kan ƙananan fanel masu arha, in aka auna, kusan 50,000 suke yi, wato wani aisin ne daban aka sa wa rigar wani. Yaro ya yi lissafinsa daidai, ya liƙa dalmarsa tsaf, kayan ya mutu, shi za a zaga.

Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta san hanyar kama wayar lantarki da taya na jabu. Me ya hana ta leƙa ledojin aisin da ke shigowa kasuwannin Alaba da Sabon Gari? Kwalejojin fasaharmu kuma su daina yaye ɗaliban da ba su taɓa buɗe takardar bayanin aisi ba, alhali kyauta take a intanet, shafin zafi ma ba ya wuce minti goma a karanta.