Amfanin Lambar Asusu ta Kai-Tsaye a Shafukan Sayar da Data

Duk wanda ya saba sayen data ko katin waya a shafukan intanet ya san tsohon tsarin zuba kuɗi: mutum ya tura kuɗi asusun mai shafi, ya ɗauki hoton risit, ya aika ta WhatsApp, sannan ya zauna jiran a duba a sa masa kuɗin a walat ɗinsa. In mai shafin yana barci ko wayarsa ba caji, sai dai haƙuri.

Lambar asusu ta kai-tsaye ce ta kawo ƙarshen wannan jira. Da zarar mutum ya yi rajista, shafin zai nemo masa lambar asusu mai lamba 10 wadda shi kaɗai ke da ita. Kamfanoni irin su Monnify da Paystack ne ke samar da waɗannan lambobi tare da haɗin gwiwar bankuna. Idan aka tura kuɗi cikin lambar, kamfanin zai aika sanarwa zuwa kwamfutar da ke riƙe da shafin, ita kuma ta gane mai lambar, ta ƙara masa kuɗin nan take ba tare da hannun kowa ba.

Babban amfanin ga kwastoma shi ne lokaci. Ko ƙarfe biyun dare data ta ƙare, zai iya zuba kuɗi ya saya. Ba ya buƙatar rubuta sunansa a wajen bayanin tura kuɗi, kuma ko a wurin mai POS ya tura, kuɗin walat ɗinsa zai shiga, domin lambar ce shaida.

Ga mai shafi kuwa, ya huta da risitin bogi. Shafin ba ya kallon hoto, sai kuɗin da ya shigo da gaske. Haka nan mutum biyu za su iya tura naira dubu ɗaya-ɗaya a minti guda ba tare da an rikita na wane ne ba, kuma lissafin kowa yana nan a ajiye idan gardama ta taso.

Sai dai tsarin yana da sharuɗɗa. Ana cire wani ɗan kaso a kan kuɗin da ya shigo, don haka ya kamata mai shafi ya bayyana shi tun farko. Ana kuma neman BVN ko NIN na kwastoma, bisa umarnin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a ƙarshen 2023.

Mai haɗa shafin shi ma akwai aiki a gabansa. Dole ya tabbatar kowace sanarwa daga kamfanin ta fito, ba daga ɗan damfara ba. Kuma sanarwa ɗaya tana iya zuwa sau biyu. In bai ajiye lambar kowane ciniki yana dubawa ba, zai zuba wa mutum kuɗi ninki biyu, asarar kuma daga aljihunsa za ta fita.